Wurin ajiye motoci a filaza: mota nawa, awo nawa, kuma ina gurbin masu buƙata ta musamman?

Tambaya: Ina da fuloti ƙafa 100 a 100 a bakin titi cikin garin Sakkwato. Ina son gina filaza, shaguna a ƙasa, ofisoshi da ƙaramin asibiti a saman bene. Magini ya ce in bar mita 5 a gaba don fakin, sauran filin a cike shi da shaguna. Wani kuma ya ce hukumar tsara birane ba za ta sa hannu ba sai zanen ya nuna wurin motoci da na naƙasassu. Mota nawa ya kamata in yi wa wuri, kuma yaya ake aunawa?

Amsa: Alhaji, mutum na biyu shi ya faɗa maka gaskiya. Mita 5 a gaban shago ba ta isa a kira ta wurin fakin ba. Hilux mai ƙofa huɗu tsawonta ya kai mita 5.3, Sienna ma ta haura 5, don haka ko direba ya manna hancin mota da dakalin shago, bayanta na kan kwalbati. Abin da ya fi wannan muni shi ne fita. Duk motar da ta shiga da kai, sai ta yi ribas cikin titi kafin ta tafi, direba bai ganin komai saboda motocin da ke gefensa, ga 'yan kabu-kabu da Keke Napep suna bin bakin hanya a guje. Tsarin da ya tilasta wa mota fita titi da baya, tsari ne da mai duba zane ke da cikakkiyar hujjar ƙin amincewa da shi.

Kafin a yi lissafin komai, ka kira safiyo mai rajista ya tono maka duwatsun iyakar fulotin. Fegi ko tsohuwar katanga ba hujja ba ce. Sau da yawa sararin da mutum ke gani tsakanin fulotinsa da kwalta ba nasa ba ne, haƙƙin hanya ne da aka bari don magudanar ruwa, turakun lantarki, bututun ruwa da faɗaɗa titi nan gaba. A manyan hanyoyin tarayya irin ta Gusau ko ta Illela, haƙƙin hanya mita 45.72 ne daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. A titunan jiha na cikin gari kuwa, hukumar tsara birane ce za ta faɗa maka tazarar titin da kake kai. Duk gurbin motar da ya faɗa cikin wannan sarari ba a lissafa maka shi, ko da kai ka zuba masa kankare da kuɗinka. Ranar da aka zo faɗaɗa titi zai tafi, ka wayi gari da shaguna ba wurin tsayawar mota ko ɗaya.

Sai ka duba takardar mallakar filin, me aka rubuta a kanta: zama ko kasuwanci? In na zama ne, neman sauya amfanin fili shi ne matakin farko, kafin zane ya je ko'ina. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamnan jiha, kuma ko da yake akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003 cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Amfanin sanin wannan shi ne kada wani ya kawo maka ƙa'idar Abuja ko ta Legas ya ce ita ce doka a nan. Adadin motoci da tazarar gini da za su ɗaure ka su ne waɗanda Hukumar Tsara Birane ta Jihar Sakkwato ta ba ka. Mai zanenka ya je ya karɓo su a rubuce tun kafin ya ja layin farko.

Amma ba sai ka jira su ba kafin ka gane inda lissafi ya dosa. A matakin gwaji, ma'aunin da nake aiki da shi shi ne mota ɗaya ga kowane murabba'in mita 40 na shaguna, ɗaya ga kowane 50 na ofis, biyu zuwa uku ga kowane ɗakin ganin likita ban da na ma'aikata, ɗaya kuma ga kowace kujera 4 ko 5 in akwai gidan abinci. Kowace mota, in an haɗa gurbinta da rabonta na hanyar shiga da juyawa, tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Nan ne mutane ke ruɗewa, domin gurbin kansa 12.5 ne kawai, sai su manta hanya ta fi gurbin cin fili.

Mu gwada da shawarar magininka. Fulotinka mita 30.5 ne a 30.5, wato kusan murabba'in mita 930. In ka gina 500 a ƙasa, 500 a sama, kana buƙatar mota 13 don shaguna, 10 don ofisoshi, jimla 23. Wurinsu zai ci murabba'in mita 575 zuwa 690, a ce 600. Haɗa 500 da 600, sun wuce fulotin gaba ɗaya. Ke nan wannan ginin bai shiga wannan filin ba, ko ta ina aka juya shi. Shi ya sa a irin wannan aiki ake fara zana wurin motoci, abin da ya rage shi ne girman ginin da filin zai iya ɗauka.

Gurbin mota ɗaya faɗinsa mita 2.5, tsawonsa 5. Ganin yadda Hilux da manyan jip suka yi yawa a garin nan, in fili ya bari ka kai tsawon 5.5, ba za ka yi nadama ba. Gurbin da ke jikin bango ko ginshiƙi a ƙara masa santimita 30 don ƙofa ta buɗu. In motoci za su tsaya miƙe, kai da bango, hanyar da ke bayansu dole ta kai mita 6, kuma wannan shi ne awon da bai kamata a taɓa shi ba. An rage shi zuwa 5, sai mota ta yi gaba da baya sau uku kafin ta shiga, daga nan direbobi su daina shigowa su koma ajiyewa a titi. Tsayawa a karkace na rage faɗin hanyar, kusan mita 4 a digiri 45, kusan 5 a digiri 60, amma sai hanyar ta zama mai tafiya ɗaya, da ƙofar shiga daban da ta fita, kuma kusurwoyi na ɓata fili. A fuloti mai kusurwa huɗu daidai irin naka, tsayawa miƙe ta fi ba da yawan gurabe.

Ga yadda zan raba zurfin filin daga titi zuwa baya. Layin motoci na jikin katangar gaba mita 5, hanya 6, layi na biyu 5, sun zama 16. Sai barandar masu tafiya a ƙafa mita 1.8, gini mai zurfin 9.5, tazarar baya 3. In ka bar mita 3 a kowane gefe, faɗin ginin zai kama 24.5, kowane hawa kusan murabba'in mita 230. Bisa ma'aunin da na ambata, mota 11 zuwa 13 ke nan kake buƙata. A layin da ke jikin gini, bar mita 1 a kowane ƙarshe don motar ƙarshe ta sami inda za ta jefa bayanta wajen fita, sai ka sami gurbi 8 na kowa da kowa da 2 na masu buƙata ta musamman. A layin jikin katanga, cire mita 6 na get da mita 1 a kowane ƙarshe, saura 22.5: mota 5 su ci 12.5, sauran mita 10 ka ba babura. Ka tashi da mota 15 da babur 10, kowa na shiga da kai yana fita da kai.

Wurin babura ba ƙari ba ne, a Sakkwato tilas ne. Ma'aunan da aka aro daga waje ba su san da su ba, alhali yawancin masu zuwa shagon waya, kemis ko wurin POS a kan babur suke zuwa. Babur na buƙatar mita 1 a 2.2, Keke Napep kusan 1.6 a 3. Sa wurinsu kusa da get inda maigadi ke gani, da bututun ƙarfe a kafe a ƙasa wanda za a ɗaura sarƙa. In ba ka ware musu wuri ba za su zaɓa da kansu, kuma abin da za su zaɓa shi ne inuwar baranda da bakin gangarar keken guragu.

Yanzu batun masu buƙata ta musamman, wanda a nan ne na fi son ka ba ni hankalinka. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ginin jama'a a wannan doka bai tsaya ga na gwamnati ba, ya haɗa da wanda aka buɗe don amfanin mutane, filaza kuwa tana ciki. Dokar ta ce a ware gurabe masu alama a wuraren ajiye motoci na jama'a. Mai wurin da bai ware ba tararsa naira 1,000 ce a kowace rana, mai lafiyar da ya ajiye mota a gurbin ko ya tare shi da gangan naira 5,000. Jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa wa ƙa'idar gini kuwa yana fuskantar tarar aƙalla naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. Ka ga dalilin da mai duba zane ba zai so ya kawar maka da kai ba.

Wajen awo, masu zane kan jingina da ƙa'idojin da aka daɗe ana gwadawa, irin na Amurka da na Ingila. Ta Amurka ta ce gurbi 1 ga motoci 25 na farko, gurbi 2 har zuwa mota 50, 3 har zuwa 75, 4 har zuwa 100, amma a sashen asibiti na masu zuwa su koma gida kashi 10 cikin 100 ne. Tunda kana da asibiti a ginin, yi biyu. Ba zai ci maka fili sosai ba, domin gurabe biyu na iya raba fili ɗaya na sauka a tsakaninsu: 2.5, sai 1.5 na sauka, sai 2.5, jimla mita 6.5. Wannan 1.5 ɗin shi ne zuciyar abin. A nan ake buɗe ƙofa har ƙarshe, a kawo keke jikin kujera, mutum ya zame daga mota zuwa kekensa, ko a tallabo tsoho. A ja masa layuka a karkace da fenti mai launin rawaya don kowa ya san ba gurbi ba ne. A bayan motar ma ana so a sami mita 1.2 don fito da keke daga but. Alama kuma kada ta tsaya a fentin ƙasa kawai, domin ƙurar hunturu da tayoyi na shafe shi cikin 'yan watanni. A kafa allo a kan ƙarfe, mita 1.5 daga ƙasa, yadda za a gan shi ko da mota na tsaye.

Gurbin ya kasance mafi kusa da ƙofar shiga, a layin da ke jikin gini, yadda mai keke ba zai bi ta bayan motoci ba. Wanda ke zaune a keke, balle wanda ke tafiya a kan allo mai taya, direban jip mai ribas bai ganinsa sam. Ƙasan gurbin kuma ya zama kusan a shimfiɗe, gangarensa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita ta kowace fuska, in ba haka ba keke zai gudu a daidai lokacin da mutum ya saki mota bai kama keke ba.

Inda aikin ke lalacewa a garin nan shi ne tsayin daɓe. Saboda ruwan Agusta da yadda yake kwanciya a unguwanni irin Mabera, kowa na ɗaga daɓen shagonsa santimita 60 zuwa 90 sama da titi, kuma yana da hujja. Sai bayan an gama gini a tuna da gangara, a manna wata gajeruwa mai tsayi a gefen matakala, a liƙa mata tayil mai santsi. Irin wannan ko mai turawa mai ƙarfi ba ya hawa da mutum lafiya, saukowa kuwa haɗari ce. Ƙa'idar ita ce 1 cikin 12: kowane santimita 10 na tsayi na buƙatar mita 1.2 na tsawo. Daɓe mai santimita 75 gangararsa mita 9 ce, da wurin hutawa a shimfiɗe na mita 1.5 a sama da ƙasa, faɗi aƙalla 1.2, da ƙarfen riƙewa a gefe biyu a tsayin santimita 90. Mita 9 ba ta samuwa a gaban shago in ba a tanade ta a zane ba.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a ɗaga harabar gaba ɗaya a hankali. Daga get zuwa bakin baranda mita 16 ne. In ka ba ta hawan santimita 2 a kowace mita, ka sami santimita 32 ba tare da matakala ko ɗaya ba, ruwa kuma na gangarawa da kansa zuwa magudana. Ƙara dakalin baranda na santimita 15, ka kai 47 sama da bakin get. Wannan 15 ɗin gangarar mita 1.8 kawai take nema. Kada a turo ta cikin filin sauka na 1.5, domin ta lalata shi ke nan. A sauke barandar a daidai wurin ta yi daidai da ƙasan fakin, sannan ta hau dama da hagu. Daga baranda zuwa cikin shago kuma kada a sake sa wani ɗan dakali a bakin ƙofa, santimita 3 ma na tsayar da ƙaramar tayar gaba. Ƙofa ta buɗe santimita 90. Murfin magudanar da ke kan wannan hanya ramukansa kada su wuce milimita 13, don tayar keke da sandar makaho.

Asibitin nan kuma, Alhaji, ka sauko da shi ƙasa tare da kemis, ka mayar da ofisoshi da shagunan ɗinki sama. Mai ciki, mai karaya da mai shanyewar jiki ba su da abin yi da gurbin mota mai kyau in likita na saman bene. Lif a ƙaramin gini irin wannan, da halin wutarmu da tsadar gyara, ba abin dogaro ba ne.

Get ya zama mita 6 don mai shiga da mai fita su wuce juna, kuma ya nisanci mahaɗar tituna gwargwadon yadda fulotin ya bari, aƙalla mita 15 in da hali. Katangar da ke gefensa, mita 2 zuwa 3 dama da hagu, kada ta wuce mita 1 a tsayi, ko a yi ta da ƙarfe mai gani, don direba ya hango mai babur kafin hancin motarsa ya fita. A yi wa masu ƙafa ƙaramar ƙofa daban mai faɗin mita 1.2. Silaf ɗin da zai haye kwalbatin titi injiniya ya tsara rodinsa da nauyin tankar ruwa a rai, a yi shi gunduwa-gunduwa yadda za a ɗaga a yashe. Cike magudanar gwamnati da ƙasa don mota ta haye, ko rage mata baki, shi ke mayar da ruwa cikin shagunanka da na maƙwabta.

Shimfiɗar ƙasa ba ta da wani sirri sai dannewa. A kwashe ƙasar sama, a zuba jar ƙasa santimita 15-15 ana yayyafa ruwa ana dannewa da inji, a ɗora dutse santimita 15, yashi 3 zuwa 4, sannan intalok mai kaurin santimita 8. Mai santimita 6 na masu tafiya a ƙafa ne. A ɗaure gefuna da kankare, in ba haka ba bulon zai buɗe daga gefe. In kankare ka zaɓa, kauri santimita 15 da ragar ƙarfe, a yanka shi kowane mita 3 zuwa 4, a shayar da shi ruwa kwana 7. A zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, kankaren da ba a shayar ba tsagewa yake. A gaban kowane gurbi na jikin baranda a kafa abin tare taya santimita 60 zuwa 75 daga dakali, don hancin mota kada ya cinye hanyar mutane. Ramin sokawe kada ya faɗo ƙarƙashin hanyar motoci, ka kai shi tazarar baya ko gefe inda motar kwasa za ta miƙa tiyo. Inuwa kuwa, fara da guraben nan biyu: rumfa mai tsayin mita 2.6 ko fiye don bas mai tudu ta shiga, ƙafafunta a binne cikin kankare sosai saboda iskar farkon damina. Dogon yaro na ba da inuwa mai kyau, amma a ba shi rami mita 1.5 a 1.5, nesa da gini, don saiwarsa na ɗaga intalok.

Akwai abin da zane ba ya nunawa amma shi ke kashe wurin fakin bayan shekara ɗaya: janareta, tankin ruwa, rumfar mai POS, teburin mai shayi, kayan da masu shaguna ke fitarwa waje, da shimfiɗar sallah. Duk buƙatu ne na gaskiya, don haka a ba kowanne mazauni tun a takarda. Janareta da tanki su tafi gefe ko baya. A ware ɗan masallaci da wurin alwala a cikin ginin ko a tazarar gefe. Motar sauke kaya, mai neman kusan mita 3.5 a 8, a sa mata lokaci da sassafe kafin kasuwa ta buɗe, ta tsaya a hanyar tsakiya. A yarjejeniyar haya a rubuta cewa baranda da harabar gaba ba sa cikin abin da ɗan haya ya kama, a kuma gaya wa maigadi cewa tsare guraben nan biyu da bakin gangara na cikin aikinsa. Sauya wurin motocin da aka amince da shi zuwa shaguna daga baya saɓa wa izinin gini ne.

In ka ga shagunan sun yi maka kaɗan, mafita ita ce a ɗora wani ɓangaren ginin a kan ginshiƙai, motoci su shiga ƙarƙashi: tazarar kusan mita 8 tsakanin ginshiƙai don mota uku, tsayi 2.6 a ƙarƙashin bim. Rodi da siminti za su ƙaru sosai. Ginin ƙarƙashin ƙasa ban ba ka shawararsa ba, domin gangarar shigarsa kaɗai za ta ci fiye da mita 20, kuma fitar da ruwan sama daga ciki ya dogara da famfo da wuta.

Abin da za a kai wa hukuma: takardar fili da zanen safiyo, zanen gini daga mai zane mai rajistar ARCON (hukumar rajistar masu zanen gini), lissafin ƙarfe daga injiniya mai rajistar COREN (hukumar kula da aikin injiniya), da rahoton nazarin wuri daga mai tsara gari mai rajistar TOPREC (hukumar rajistar masu tsara gari) in an nema. Ka tabbata akwai shafi guda na harabar a sikelin 1:200 (santimita 1 a takarda, mita 2 a fili) da ke nuna kowane gurbi da lambarsa da awonsa, faɗin hanya da get, inda ruwa ke bi, tsayin ƙasa a get da baranda da cikin shago, da ɗan jadawalin da ya nuna mota nawa ake buƙata, nawa aka tanada. Ranar da za a fitar da harsashi kuma, kafin a haƙa komai, a zana layukan gurabe da farar ƙasa a kan filin, ka sa a kawo Hilux ta shiga ta get, ta ajiye a gurbin ƙarshe na kowane layi, ta fito da kai. In ta kasa, a matsar da fegin ginin baya a ranar.